Ƙugin janareto ya bar mana shiri, bayan wata biyu ina fama

Jiya da daddare na ɗauki minti 34 cur na shirinmu na sauti na magoya bayan Sai Masu Gida, wato ƙungiyar ƙwallon Kano Pillars, na sa iyafis na saurara daga farko har ƙarshe, ban ji wannan "zuuuu" ɗin ba ko sau ɗaya. Wallahi sai da na miƙe tsaye a ɗaki ni kaɗai. Waɗanda suka sha jin ƙorafina a kan wannan abu, ga yadda aka yi.

Ku tuna shiri na 11. Shi ne wanda muka samu wani dattijo da ke zuwa kallon ƙwallo tun zamanin Raccah Rovers, kafin ma a kafa Kano Pillars a 1990. Sati uku muna bin sa kafin ya yarda. Ya zauna ya ba mu labarin 2009, lokacin da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali su ne ke riƙe da kofin, da yadda aka tashi 2-2 a can Alƙahira garin Kano ya kwana bai yi barci ba. Da ya zo kan wasan kusa da na ƙarshe da Heartland ta fitar da mu, muryarsa ta karye, ya yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi daraja a duk abin da na taɓa ɗauka, kuma ƙugi ne ya cika shi fal. A wannan shirin ne kuma muka tsara roƙon gudummawar takalma da littattafai ga yaran gidan marayun da muke tallafa wa. Na sake shi a haka don dole. Mutane da yawa sun ce mini sun kashe tun kafin minti biyar, ba su ma kai wurin roƙon ba, kuma abin da aka tara a satin bai kai rabin na satin da ya gabata ba. Asarar nan marayu ne suka yi ta, kuma daga hannuna ta fito.

Na fara da abin da kowa ke yi. A Audacity, manhajar gyaran sauti, na ɗauki samfurin hayaniyar daga inda ba a magana, na sa a rage ta. Idan na rage kaɗan ƙugin na nan, idan na matsa sai muryar Baba ta koma kamar mai magana a cikin randa, ƙarshen kalmominsa duk sun cinye. Sai na koma kan matatar sauti da ke yanke mita guda, wato yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, wanda ake aunawa da Hz, na ɗora ta a kan 50 Hz tunda wutarmu a nan take gudu, na ƙara a 100 da 150. Ya yi sauƙi na daƙiƙa goma, ya dawo. Kwana uku ina wannan kafin na buɗe hoton sautin na zuba masa ido, na ga layin ƙugin ba miƙaƙƙe ba ne, yana hawa yana sauka kamar maciji. Dalilin shi ne ƙaramin janareto ba ya tsayawa a gudu ɗaya. Firij ɗin gidan ya tashi, injin ya ja numfashi, mitar ta sauka. Firij ya kwanta, ta hau. Matatar tana tsaye a 50, ƙugin ya riga ya bar wurin. Duk wanda ya ce maka matatar sauti za ta gyara wannan, to da wutar gwamnati ya gwada.

Daga nan na shiga ɓarnar kuɗi. Na ɗauka ƙarar injin ce ke shigowa ta iska, na matsar da shi bayan gida da doguwar waya, na rataye barguna biyu a taga, na ari katifa na jingina a ƙofa. Ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, ƙugi na nan. Na zargi makirfo, na sayi wani kan naira 38,000, daga aljihuna. Abokin shirina ya ce mu ɗan taɓa asusun gudummawa tunda don shirin ne, na ce a'a. Mun yi wa masu sauraro alkawarin ko kobo aka turo na yaran ne, muna karanta lissafi a ƙarshen kowane shiri, ba zan iya karanta "makirfo" a cikin wannan lissafin ba. Sabon makirfon ya zo, na jona, ƙugin ya gaishe ni da irin muryarsa ta kullum. Ranar nan ban ci abincin dare ba.

Wanda ya warware mini wani tsohon mai gyaran rediyo ne a unguwarmu. Na kai masa kayan gaba ɗaya har gida, na ce, "Baba, don Allah a duba mini, na gaji." Bai ko taɓa makirfon ba. Ya sa iyafis, ya ce in kashe makirfon daga maɓallinsa. Na kashe. Ƙugin na nan. Ya ce, "To ɗana, abin da aka toshe wa kunne ta ina zai ji inji? Wannan ba ta iska yake zuwa ba." Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen laftof ɗin, sautin ya canza. Sai ya miƙa hannu ya zare caja daga jikinta. Shiru. Tsit, kamar an rufe ƙofa.

Ashe cajar ce. Ta asali ta ƙone tun bara na sayi mai araha, mai baki biyu, ga wutar janareto babu wayar ƙasa. Dattin wutar yana bi ta caja ya shiga laftof, ya gangara cikin na'urar sauti. Ni kuma ba na taɓa ɗauka sai da caja a jone, saboda batirin laftof ɗin ya mutu, ba ya wuce minti 20. Wata biyu ina yaƙi da taga da ƙofa, ɓarawon yana kan teburina.

Gwajin nan na kashe makirfo ku riƙe shi, minti ɗaya ne. Idan kun kashe hayaniya ta tafi, daga ɗaki take, a nan bargo zai yi amfani. Idan ta tsaya, ku fara zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, caja a farko.

Na je kasuwar waya ta Farm Centre na sa sabon batir kan 27,000, wanda da a ce da shi na fara, da ban sayi makirfo na biyu ba. Yanzu ina cika caji da rana, lokacin ɗauka in zare komai daga bango, har wayar da nake karanta sakamakon wasanni a kanta ba na barin ta a caji kusa da teburin. Fitar da shirin kuma na bar shi a layin sauti ɗaya, wato mono, a 64 kbps, minti 30 na tashi wajen MB 14, yana wucewa a WhatsApp ba tare da ya cinye wa mutane data ba. 

Na koma wurin dattijon da kunyata, na ce, "Baba, aikin nan na ɓata shi, ko za a sake?" Ya yi dariya ya ce Asabar bayan la'asar, kuma wannan karon zai kawo tikitinsa na wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2019 a Kaduna, ranar da muka doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Roƙon takalman yaran zan sa shi a minti na uku, ba zan ƙara kai shi ƙarshe ba.

Saura amsa-kuwwa. Da ƙugin ya tafi sai na fara jin ɗakin yana mayar da murya, musamman idan abokina ya ɗaga harshe a kan alƙalin wasa. Ƙasan tayil ne, silin kuma na roba. Wanda ya taɓa maganin irin wannan da darduma ko labule kawai, ya gaya mini ta inda ya fara kafin Asabar.