Daga Tashar Delphine Seyrig Zuwa Ƙofar Jeanne Dielman

Ɗiyar yayana da ke karatu a Paris ce ta zaɓa mana hanya. Ta ce mu hau taram, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin tsakiyar titi, layin T3b da ke zagaya bakin gari ta gabas da arewa, in kuma riƙa karanta sunayen tashoshi. Muna wuce Porte de Pantin sai ga Delphine Seyrig, daga ita sai Ella Fitzgerald, gaba kaɗan Rosa Parks. Da aka buɗe layin a 2012, sunayen mata aka raɗa wa tashoshi da dama. Biyun ƙarshe Amurkawa ne da sunansu ya kai ko'ina. Ta farkon, Delphine Seyrig, 'yar wasan fim ta Faransa, ita ce ta fito da mu da sassafe cikin sanyi.

Tashar ba wani abin kallo a cikinta: benci, allon lokaci, da rugugin motoci daga babbar hanyar da ta kewaye birnin. Muka taka zuwa bakin ruwan Ourcq muka zauna, yarinyar ta shiga ba ni labari tana nuna mini hotuna a waya.

A Beirut aka haifi Seyrig a 1932, mahaifinta Henri Seyrig masanin kayan tarihi ne. Fim ɗin Alain Resnais na 1961, L'Année dernière à Marienbad, shi ya fito da ita, sannan Muriel ya ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin Venice na 1963. Daraktoci irin su Truffaut da Buñuel da Jacques Demy duk sun yi aiki da ita. A hotunan nan kullum mace ce mai aji, tufa ta alfarma, kallo daga nesa. Irin matar da daraktoci ke so ke nan: a gan ta, a yi sha'awa, kada ta ce komai.

Ita kuwa ta ce. A Afrilun 1971 tana cikin mata 343 da suka sa hannu a takardar da mujallar Le Nouvel Observateur ta buga, suna bayyana cewa sun taɓa zubar da ciki, alhali doka na hukunta hakan. A 1972 ta ba da shaida a shari'ar Bobigny, wadda ta samo asali daga wata yarinya 'yar shekara 16 da aka yi wa fyaɗe ta zubar da cikin, lauya Gisèle Halimi na kare ta da mahaifiyarta. A 1975 dokar Simone Veil, ministar lafiya ta lokacin, ta halasta zubar da ciki. A nan muka ɗan ja da yarinyar, don ni tarbiyyata da addinina ba su bar ni na bi Seyrig kan wannan ba, kuma na faɗa mata. Ta ce, "Gwaggo, ba cewa na yi ki yarda da ita ba. Ki dai dubi abin da ta sa a caca." Wannan kam gaskiya ne. Mai cin abinci da farin jini ba ta cika sa hannu a irin wannan takarda ba.

Da rana muka nufi maƙabartar Montparnasse, inda aka binne ta bayan rasuwarta a Oktoban 1990, tana da shekara 58. A bakin ƙofa akwai taswirar kaburburan mashahurai. Jama'a sun fi taruwa a na Sartre da Simone de Beauvoir, an bar musu tikitin jirgi da tsakuwa a kan dutsen. Wajen Seyrig ba cunkoso. Ba mu jima ba.

Abin da ya fi kama ni a rayuwarta kyamara ce. Wajen tsakiyar shekarun 1970 ta koyi ɗaukar bidiyo wurin Carole Roussopoulos, su biyu da Ioana Wieder suka kafa ƙungiyar Les Insoumuses. Ta zauna da 'yan wasa mata 23 a Faransa da Amurka ta yi musu tambayoyi, fim ɗin ya fito a 1981 da sunan Sois belle et tais-toi, wato ki yi kyau ki yi shiru. A ciki Jane Fonda ta ba da labarin yadda masu kamfani suka ƙare mata kallo suka ba da shawarar a rina gashinta, har a karya mata muƙamuƙi don kumatunta su lotsa. A 1982 su ukun suka buɗe cibiyar Simone de Beauvoir don adana finafinan gwagwarmayar mata.

Washegari muka hau jirgi daga Gare du Nord, kafin awa ɗaya da rabi mun sauka Brussels. Titin Quai du Commerce muke nema, saboda fim ɗin Chantal Akerman na 1975, Jeanne Dielman, 23 quai du Commerce, 1080 Bruxelles. Na kalle shi daren jiya a kwamfutar yarinyar, minti 201 cur. Seyrig ta fito a Jeanne Dielman, bazawara mai ɗa guda, fim ɗin na bin kwana uku na rayuwarta. Tana fere dankali, tana wanke kwanuka, tana goge takalmin ɗan, tana kashe fitila duk ɗakin da ta bari, da rana kuma ta karɓi namiji don kuɗin cefane. Kyamara ba ta gaggawa. In za a fere dankali biyar, sai kin ga biyar ɗin. Da farko na ƙosa, daga baya na lura hannuna na bin nata, don na san aikin nan kamar yunwar cikina. A rana ta biyu dankalin ya dahu ya wuce kima, daga nan komai nata ya fara kwancewa, kuma duk macen da ta taɓa riƙe gida za ta gane tun kafin a kai ƙarshe. A 2022 masu sharhi da mujallar Sight and Sound ta tambaya suka zaɓe shi fim mafi girma a tarihi, karo na farko da fim ɗin mace ya hau wannan matsayi.

Titin kansa faffaɗa ne, da dogayen gidajen haya, tsohuwar matsayar jiragen ruwa ce da aka cike. Muka tsaya gaban lamba 23, yarinyar ta ɗauki hoto, wani mai keke ya wuce bai ko waiwaye mu ba. Iska ta yi ƙarfi, muka shiga wani ɗan shago muka sayi soyayyen dankali a takarda, muna ci muna gardama kan ko Akerman ta kyauta da ta rufe labarin da kisan da Jeanne ta yi da almakashi. Ita ta ce dole ne. Ni na ce ko ba almakashin nan, kwana ukun sun isa. Har muka kai tashar Midi ba wadda ta sauko daga ra'ayinta.