Godiya ga masu jinyar gwiwata

Alhamdu lillahi, an sallame ni na dawo gida. Ga waɗanda ba su ji ba, a filin ƙwallo na juya da sauri, ƙafa ta kafe a ƙasa, gwiwa ta murɗe, na ji wani ƙas. Hoton MRI ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL. Ita ba a ɗinke ta yadda ake ɗinke fata, sai da aka yanko wata jijiya daga bayan cinyata aka dasa a gurbinta, ta ƴan ƙananan huji, da kyamara. Likitan ƙashi da mutanensa, Allah ya ƙara basira.

Amma yau ma'aikatan jinya nake son ambata, don su ake mantawa da su. Bayan allurar baya ta saki, raɗaɗi ya taso gadan-gadan, su ne a kaina har asuba. Bini-bini sai Sista ta yaye bargo ta taɓa yatsun ƙafata ta ce, "Malam, kana ji na? Motsa su." A lokacin takura na ɗauka, ashe duba take ko jini na kaiwa. Su ne masu ɗora ƙanƙara cikin tawul na minti 20, masu ɗaga ƙafar sama don kumburi ya sauka, masu tilasta ni kaɗa idon sawu don kada jini ya daskare a sharaɓa.

Sai rigimar filo. Duk mai wannan ciwo yana son tusa filo a ƙarƙashin gwiwa, don nan ne daɗin yake. Wata dattijuwar nas ta hana ƙememe, ta mayar da shi ƙarƙashin diddige. Ta ce gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe da wuya ta sake miƙewa sosai, kuma ɗingishi ke biyo baya. Mama, ranar kin ga ɓacin raina, yau kuwa ƙafata miƙe take sambal. Allah ya saka miki da Aljanna.

Kafin sallama sun koya wa ƙanena wanke ciwo, ni kuma hawa matakala da sanduna, suka ja kunnenmu cewa zazzaɓi, ruwa daga ɗinki ko ciwon sharaɓa ba abin jira ba ne.

Ƴan'uwa da abokan wasa da suka yi ta zarya da addu'a, Allah ya bar zumunci. Masu tambayar yaushe zan koma fili, ku yi haƙuri, masu gashin ƙashi sun ce ba a maganar ƙwallo kafin wata 9, kuma wannan karon zan ji magana.