Tafki a kan dutse: yininmu a Toba

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu Tawa, amma har yanzu in na kwanta sai in ji gado yana lilo kamar muna cikin jirgin ruwa. Ɗana da ke aiki a Kuala Lumpur ne ya ƙulla tafiyar. Ganin jika ya kai mu, shi kuwa ya rantse sai ya saka mu, ni da Hajiya, a irin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa da ke ratsa mashigin Malaka. Zaman jirgi ba shi da labari: ci, barci, kallon ruwan gishiri. Ranar da ya tsaya a Belawan, tashar birnin Medan a tsibirin Sumatra na Indunusiya, ita ce ta tsaya mini a rai.

Tun a bakin kar, motar da za ta kai mu tafkin Toba, aka fara ɓata mini. Wani saurayi mai takardar sunaye ya karɓi fasfona, ya juya shi gaba da baya, ya ce: "Najeriya?" Na ce Nijar. Ya sake cewa Najeriya, da ƙarfi, kamar kurma yake wa magana. Ya tsayar da mu gefe cikin rana har Turawa suka gama shiga. Sai da ɗana ya buɗe taswira a waya ya ɗora masa yatsa a kan Yamai. Ko haƙuri bai ba mu ba. Kujerun baya muka samu, a kan inji.

Daga tashar zuwa tafkin kusan kilomita 200 ne, awa huɗu da wani abu. Gonakin kwakwar manja da na roba sun jeru kamar sojoji, ba fili ko na shimfiɗa tabarma. Bayan garin Pematangsiantar hanya ta fara hawa da murɗawa, kunne ya toshe, birai suka fito bakin kwalta suna jiran ayaba kamar almajirai a tashar Konni. Muna shan wata kwana sai ƙasa ta buɗe a hannun dama.

Ni dai tafkin da na sani shi ne na Tabalak, wanda da rani kana iya ganin yadda yake ja da baya. Wannan kuwa ido bai kai ƙarshensa ba. Tsawonsa kilomita 100, faɗi kamar 30, zurfi ya haura mita 500, kuma duk wannan ruwan yana zaune ne a kan tudu, mita 900 sama da teku. Ruwan daɗi, ba gishiri. Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce: "Alhaji, wannan duka ba mai ban-ruwan albasa da shi?" Na yi dariya, amma wallahi lissafin da nake yi ke nan a zuci, ina tuna matan ƙauyenmu a bakin rijiya mai gaba talatin.

Jagoranmu ya ce ramin dutse mai aman wuta ne. Shekara wajen 74,000 da suka wuce ya fashe, ya amayar da cikinsa har tokar ta kai Indiya, sai samansa ya rufta, ruwan sama ya cika kwarin. Daga baya tsakiyar ta sake kumburowa, ta zama tsibirin Samosir, wanda ya kusa kai girman Singafo. Wato kamar ka kwashe tuwo daga tukunya, gindin ya taso. Babu tafkin dutsen wuta da ya kai shi girma a duniya. Na tuna baƙaƙen duwatsun Ayar wajen Timiya, su ma wuta ce ta haife su, sai dai mu ba a bar mana ruwan ba.

Garin bakin tafkin sunansa Farafat, su suna rubuta Parapat. Nan na sha mamaki na biyu. Na taso da sanin Indunusiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, sai ga coci ko'ina. Mutanen wurin Batak ne, galibinsu Kirista, gaisuwarsu "Horas". Ɗana ya ja ni gefe: "Baba, duk inda ka ga an rubuta B2, alade ne. B1 kuwa kare." Abincin otal da aka haɗa cikin kuɗin tafiya ya fita raina nan take. Muka sulale, muka sami wata 'yar rumfar mutanen Padang, su Musulmi ne. Mai wurin, dattijuwa, ta ga hulata da carbi sai ta ce "Pak Haji", ta shimfiɗa mana darduma a bayan kanti muka yi azahar da la'asar. Ta jera mana ƙananan kwanoni sun fi goma, abin da ka taɓa shi kake biya. Naman da aka dafa da madarar kwakwa har ya ƙafe ya yi baƙi, ya ɗan yi kusa da kilishi a baki. Kuɗin shayi ta ƙi karɓa, ta kuma ƙulle wa Hajiya ayaba a leda. Ba mu da yare ɗaya da ita in ban da salamu alaikum da alhamdu lillahi.

A kasuwa Hajiya ta ƙyalla ido ta ga ulos, saƙin hannu na Batak, ja da baƙi da fari, wanda suke yafa wa ango da amarya. Kamar sakala na gidanmu, sai dai siriri. Mai kaya ta buga 400,000 a na'urar lissafi. Kuɗinsu rufiya sifili ne kawai ya yi masa yawa. Hajiya, wadda ta ƙware a kasuwar Tawa, ta buga 100,000, ta juya kamar za ta tafi. A 150,000 aka daidaita, jaka biyar da 'yan kai a kuɗinmu. Wata Baturiya ta kar ɗinmu ta biya farashin farko tana godiya. Na rasa wa zan ji wa haushi.

Samosir dai daga nesa muka gan shi. An ce lokaci ba zai isa a tsallaka ba, alhali hoton gidajensa masu rufi kamar sirdi aka sa a takardar talla. Gidan da Holandawa suka tsare Sukarno, shugaban Indunusiya na farko, a 1949 ma ta taga aka nuna mana. Awa biyu da rabi a bakin ruwa, kusan tara a kujera, a kuɗin da zai kai mutum biyu Yamai su dawo har da canji.

Komowa ruwan sama ne har Medan, na yi barci. Mun iske jirgi yana busa. Ulos ɗin yanzu yana kan gadon Hajiya, maƙwabta na shigowa suna shafawa suna tambaya ko saƙin Dori ne.