Darussan da Na Koya Wajen Kiwon Zanzaro a Gonar Tumatir

Na ajiye aikin, amma har gobe ina tare da zanzaron nan, kuma ina so waɗanda na bari su san dalili.

Zanzaron, wato Encarsia formosa, ba ta kai milimita ɗaya ba, kusan dukkansu mata ne, ba kuma ruwansu da harbin mutum. Takan laluba bayan ganye har ta sami ɗan farin ƙuda, ƙwaron da ke tsotse tumatir, a manne, ta saka ƙwai a cikinsa. Tsutsarta ta cinye shi daga ciki, sai ka ga ya rikiɗe ya koma baƙi ƙirin, daga baya sabuwa ta huda ƙaramin rami ta fito. Duk wanda ya taɓa rataya katin da ke ɗauke da zanzaron da bai ƙyanƙyashe ba a rumfar tumatir ya san baƙin ɗigon shi ne ribar.

Shugabanmu ya ga ɗigon a ganye ya ce cuta ce. Na yi bayani, na miƙa masa madubin ƙara girma ya duba da idonsa, ya ƙi ko karɓa. Ya sa aka zage ganyen ƙasa kaf aka fitar, aka bi da feshin maganin ƙwari na pyrethroid. Waɗanda ba su ƙyanƙyashe ba sun tafi bola, masu tashi kuma magani ya gama da su. Gubar irin wannan magani kan yi makonni a jikin ganye, don haka ko sabon kati ka kawo asara ce. Shi kuwa farin ƙuda ya riga ya saba da maganin. Ya dawo babu mai tare shi, danƙonsa ya lulluɓe ganye, baƙar dauɗa ta hau 'ya'yan. Da aka zo rubuta rahoto, sai aka ce tsarina ne ya gaza. Ban yi musu ba a taron, amma littafin ƙidayata na nan, mako-mako, layi-layi.

Ba a kan shugabanmu aka fara wannan kuskuren ba. Tun shekarun 1920 ake kiwon zanzaron nan a Ingila, aka watsar da shi da maganin ƙwari na DDT ya shigo, aka kuma dawo ana nemansa a shekarun 1970 bayan ƙwari sun daina jin magani.

Sauran darussan ba su da tsawo. A saki zanzaro tun ƙuda bai yi yawa ba. Kada a bar kati a rana. In zafi ya yi ƙasa da digiri 18 na Celsius, aikin zanzaro kan yi rauni. Tarkon danƙo mai ruwan ɗorawa ba ya bambance aboki da maƙiyi, a rage shi. Kuma Encarsia ba ta taɓa Tuta absoluta, tsutsar da ke huda ganye da 'ya'yan tumatir, wannan sai irin su Trichogramma, wani zanzaron mai shiga ƙwansa.

Wanda zai gaje ni, kafin ka rataya katin farko, ka sa mai ba da umarnin feshi ya sa hannu a takarda cewa ba za a ɗauki famfo ba sai da saninka.