Asabar a gindin tsani

Asabar, ƙarshen Oktoba.

Mai fenti ya so ya fara aiki tun farkon mako, ni na taka masa birki. Lokacin dai ya yi: ruwa ya ɗauke, katako ya bushe, hunturu kuma bai iso da ƙurarsa ba. Amma katakon bakin kwano da firam ɗin tagogin gabas duk ramuka ne, shi kuwa sai cewa yake, "Alhaji, ai fenti zai rufe." Fentin mai yana shafe launi ne kawai, rami kuwa ƙara fito da shi yake, don da zarar ya yi sheƙi kowane lotsi sai ya nuna kansa.

Da hantsi tsohon kafintan unguwarmu ya iso da tsani. Bai taɓa fila ba, wato kwaɓin da ake cike ramin katako da shi, sai da ya bi katakon kaf da sukundireba yana tsokana. Inda ƙarfe ya tsaya a sama, lafiya. Inda ya nutse kamar a cikin burodi, sai ya zana da alli. Ɓangaren gabas ya fi shan alli, ba mamaki, hadarin garin nan daga can yake tasowa, nan ruwa yake duka duk damina.

Ashe ramukan ba iri ɗaya ba ne. Na ƙusa su ne masu sauƙi: kan ƙusar ya yi tsatsa ya zubo da jan layi, sai ya ƙara nutsa ta ciki kaɗan, ya kankare tsatsar. Akwai wasu zagayayyu sumul, ɗan yatsa zai shiga, aikin baƙin ƙwaron nan mai gunji da ke yini a ƙarƙashin kwano. Ya zura waya ya nuna mini yadda ramin yake shiga kaɗan sannan ya karya kwana ya bi tsawon katakon. Waɗannan ya feƙe 'yan itatuwa ya shafa musu gam ya dunƙufa a ciki. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne ƙasan firam ɗin tagar ɗakin yara. Daga waje fenti lafiya lau, yana dannawa ya burme, ciki jar ƙasa ce zalla. Gara.

Na ce, "Baba, a cika shi da fila mana." Ya girgiza kai, ya ce fila ba ta kama ruɓaɓɓen katako, sai an yanke har inda yake da rai. Dole na aika ƙanena 'Yan Katako na Na'ibawa ya samo guntun maɗaci busasshe. Kafin ya dawo mun bi hanyar garar har ƙasa, ta bayan bututun ruwa ta hau, muka rushe ta muka zuba magani.

Maƙwabcina ya leƙo da shawarar a shafe katakon da baƙin mai, wai gara ba ta kusantarsa. A katakon rufi da ba a gani ana yi, na sani. A nan kuwa Baba ya ce kul, fenti ba zai zauna a kan baƙin mai ba, tsatsafowa zai riƙa yi. Haka ya ƙi garin katako da farin gam, wanda ni na saba gani a kujeru da kabad. Ya ce wannan na cikin ɗaki ne, laima na taɓa shi yake yin laushi. Filar mota ya kawo, irin ta masu gyaran jikin mota, mai haɗi biyu. Kaɗan-kaɗan yake kwaɓawa a kan guntun falanki, don minti kaɗan take yi ta daskare, ramin mai zurfi kuma hawa-hawa yake cika shi, ya bar ɗan tudu a sama.

Samfefa ni na karɓa bayan la'asar. Mai kaushi da farko, sannan mai laushi, ana bin tsawon katako. Ido yana yaudara a nan, tafin hannu ne yake gaya maka inda tudu ya rage. Kaina da gemuna sun yi fari fat, uwargida ta hana ni shiga falo sai da na kakkaɓe a tsakar gida.

Magariba ta riske mu da sauran taga ɗaya. Inda duk muka kankare har katako ya fito tsirara mun shafa masa fentin fari na ƙasa, har da bakin yankan, don ta nan yake shan ruwa. Na kira mai fenti na ce ya zo Talata.