Buhu 12 a jikin katanga: yadda noman tumatirina ya kasance daga Oktoba zuwa Fabrairu

Tsakiyar Oktoba

'Yan uwa masu koyon noman cikin gida, ina yi muku sallama. Na ɗauki alkawarin rubuta duk abin da na gani tun daga yayyafa iri har tsinka, mai daɗi da marar daɗi, to ga shi. A Kano muke, tsakar gidanmu ƙarama ce mai daɓen siminti, ko taku ɗaya na ƙasa babu. Sai na tara buhunan shinkafa guda 12: takwas na tumatir, biyu na alayyafo, ɗaya attarugu, ɗaya latas. Na haɗa ƙasar lambu kashi biyu da ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, na huhhuda gindin kowane buhu.

Renon farko ya mutu mini cikin kwana uku, domin ɗanyen kashin kaji na barbaɗa masa, zafinsa ya ƙone saiwar. Na sake yayyafawa a tsohon baho, ba kashin kaji, ya fito lafiya.

Tsakiyar Nuwamba

Na yi dashe bayan mako huɗu, da yamma, rana ta yi sanyi. Na jera buhunan a jikin katangar ɗakin yara saboda kada su tare hanya. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ruwa kuwa wurin 'yan garuwa nake saye, in zuba a duro. Ranar Juma'a na ja buhu ɗaya zan share bayansa, sai na tarar da ruwa kwance a wani ɗan kwarin daɓe, cike da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Hankalina ya tashi, don ƙaramar 'yata ba ta daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Sai da aka yi mata gwajin jini a asibiti, ta sha magani na kwana uku cif, sannan muka samu kanta. Sauron da ke kawo zazzaɓin, Anofilis, irin wannan ruwan yake so: marar zurfi, mai ɗan haske, wanda rana ke taɓawa. Idan da ɗumi, kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Don haka na tsayar wa kaina doka: duk Juma'a sai na ja buhunan, na share ruwan, na wanke duro, na kuma sa masa murfi mai kamawa. Kwarin daɓen na cike shi da siminti.

Farkon Disamba

Bayana ya riƙe. Jarka ɗaya lita 25 ce, wato kilo 25 na nauyi, kuma kullum sai na sunkuya na ciccibo ta da hannu ɗaya daga zaure zuwa tsakar gida, sau uku ko huɗu. Wata safiya na kasa miƙewa daga ruku'u sai da na dafa bango.

Maƙwabciyata ta kawo mini ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, irin haɗin da masu talla ke yi. Na yi mata godiya, amma ban sha ba. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma yawan shansu, musamman ba abinci a ciki, yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Ma'aikaciyar jinyar da na gani ta ce, "Hajiya, kada ki kwanta kwana da kwanaki, ki riƙa ɗan zagayawa. Amma in kika ji ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ki taho nan take, kada ki jira gari ya waye." Alhamdulillahi bai kai haka ba. Mako biyu na warware.

Abin da na sauya kaɗan ne. Na daina ɗaukar jarka, sai ƙananan bokitai biyu, ɗaya a kowane hannu, kuma rabi-rabi nake zubawa. In zan ɗauka sai in durƙusa da gwiwa, in miƙe da ƙarfin cinya. Daga baya maigida ya ɗora duron a kan bulo huɗu, ya sa masa famfo a ƙasa, muka haɗa ɗan tiyo. Da tun farko aka yi haka, da ban sha wannan wahalar ba, shi ya sa nake roƙonku ku fara da nan kafin ku sayi ko da iri.

Ƙarshen Disamba

Nan ne na fi daɗewa, don nan ne na fi koyo. Tumatir ya fara 'ya'ya, farin ciki ya cika ni, sai na ga gindin wasu ya yi baƙi ya loɓa ciki kamar an ɗana masa garwashi. Na ɗauka cuta ce, har na yi niyyar sayen maganin feshi. Baffana da ya shekara da shekaru yana noman tumatir a Kadawa ya zo gaishe mu, ya juya ɗaya a hannunsa, bai ko tambaye ni taki ba, ya ce, "'Yar nan, yaya kike ba su ruwa?"

Na faɗa masa gaskiya: lokacin da bayana ke ciwo nakan yi kwana biyu ban ba su ba, ranar da na samu sauƙi kuma in malala musu har ya kwarara. Ya ce to ga ciwon nan. Sinadarin kalsiyam, wanda ke ƙarfafa jikin ɗan tumatir, ruwa ne ke ɗauko shi daga saiwa. In ƙasa ta bushe yau ta jiƙe sharkaf gobe, ba ya isa can ƙarshen ɗan, sai wurin ya mutu. Ba ƙwaro ba ne, ba ya yaɗuwa, feshi ba ya yi masa komai. Ɓawon ƙwai da na ji ana cewa a daka a zuba ma ba ya narkewa da wurin da zai ceci wannan zubin. Buhu kuma ya fi ƙasa saurin bushewa, ga iskar hunturu tana zuƙe shi ta kowane gefe.

Yanzu kowane buhu yana samun ruwa daidai gwargwado, safe da yamma, kuma na rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa. Na tsinke waɗanda suka lalace. Zubi na biyu ya fito sumul.

Kafin ya tafi ya ɗaga wani ganye ya nuna mini farin zane a jikinsa, kamar an kankare cikin ganyen an bar fatar. Ya ce, "Ga abin da za ki ji tsoro, sharon." Wannan ita ce tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, asalinta daga Kudancin Amurka, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A cikin ganye take zama, shi ya sa feshi ke wuyar cim mata. Mai buhu takwas yana da abin da mai kadada ba shi da shi: zai iya duba ganye ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya ina cire wanda ya kamu, in jefa a murhu. Sau ɗaya a mako ina daka ƙwallon darbejiya, kimanin giram 50 a lita ɗaya, in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗiga ruwan sabulu kaɗan, in fesa da yamma saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Bai kawar da ita baki ɗaya ba, amma ya hana ta cin ƙarfina.

Janairu

Ga maganar katanga. Yara suka ce ɗakinsu yana warin danshi. Na duba, fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa kusan gwiwa, filasta tana marmashewa, ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. A tsakiyar hunturu, lokacin da komai ke bushe! Ruwan da ke tsiyaya daga buhunan ne bulo ya yi ta sha wata biyu, yana busarwa ta ciki, yana barin gishirinsa a fuskar bango.

Magini ya ce kada in kuskura in shafa fenti a kai, zai sake ɓarewa. Muka janye buhunan kamu uku daga bango, muka ɗora su a kan bulo, aka yi ɗan magudani zuwa rariya. Aka kankare filastar da ta lalace, aka bar wurin ya sha iska mako biyu, sannan ya yaɓa sabuwa, siminti kwano ɗaya yashi huɗu. Ni na riƙa yayyafa mata ruwa har kwana bakwai don kada ta tsage.

Na taya shi kwaɓa da hannu tsirara, kuma na ji a jikina. Ɗanyen siminti yana cin fata, ga hunturu, yatsuna suka dare har da jini. Ƙafa ma faso ya kama ta saboda tsayuwa cikin ruwa da silifa. Man kaɗanya da dare, safa a kai, safar hannu ta roba da rana, cikin kwana goma suka haɗe.

Tsakiyar Fabrairu

Buhu bakwai cikin takwas suna bayarwa, ɗaya sharon ya ci ƙarfinsa na tuge shi na ƙone. Mako uku ke nan ban sayi tumatirin miya ba, alayyafo kuwa yanka na huɗu nake yi. Attarugu yana fure. Latas ya fara ɗaci, ya miƙe zai yi iri, alamar zafi ya kusa.

In Maris ya shiga furen tumatir zai fara zubewa saboda zafi, don haka na sayi irin kuɓewa zan maye gurbinsa. Bangon yara ya bushe, amma magini ya ce in ƙara masa mako biyu kafin fenti. Wadda ta taɓa shuka kuɓewa a buhu a cikinku, don Allah ta faɗa mini ko tushe biyu sun yi wa buhu ɗaya yawa, don ranar Asabar nake son shukawa in Allah ya kai mu.