Jikinta ya yi gaba, shekarunta na baya

A makarantar koyon aikin jinya, kamar lissafi aka koya mana balagar 'ya mace. Ƙirgen dangi yakan fara tsakanin shekara 8 zuwa 13, jinin al'ada ya biyo bayan shekara biyu ko uku, duk yarinyar da ta fara kafin ta cika 8 kuwa sai likita ya duba ta. Mun haddace matakan balaga biyar na likitan Ingila James Tanner, mun san yadda ƙwaƙwalwa ke aika sinadarin da zai sa jiki ya fara samar da estrojin, sinadarin da ke kawo siffofin mace. Duk ya yi min amfani. Sai dai aiki a sashen yara ne ya nuna min cewa babban nauyin da yarinya mai saurin balaga ke ɗauka daga mutanen da ke kallonta yake fitowa.

Ɓangaren asibiti bai cika wahala ba. Za a ɗauki hoton ƙashin hannunta na hagu, sai ka ga 'yar shekara 7 da ƙashin 'yar shekara 10. Iyaye kan yi mamaki idan aka ce musu wannan da ta fi kowa tsawo a ajinsu tana iya ƙarewa gajeriya, domin estrojin yana rufe wuraren da ƙashi ke ƙara tsawo tun lokaci bai yi ba. A yawancin 'yan mata ba a samun wata cuta a ƙwaƙwalwa, kuma akwai allurar da ake yi duk wata ko duk wata uku, ta dakatar da balagar har shekaru su kai.

Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda ba sa buƙatar allura: 'yar shekara 9 ko 10 da ta riga sa'o'inta, lafiyarta lau, amma ita kaɗai ce haka a ajinsu. Kuma suna ƙaruwa. A Turai a ƙarni na 19 mace kan kai shekara 16 ko 17 kafin ta ga jini, yanzu 12 zuwa 13 ne. Wani nazari na 2020 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa daga 1977 zuwa 2013 lokacin fara ƙirgen dangi yana matsowa da kusan wata uku a kowace shekara goma. Ƙiba na cikin dalilai, don kitsen jiki yana fitar da sinadarin leptin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki ya shirya.

Irin wannan yarinya tun daga bakin ƙofa nake gane ta. Kafaɗa a ranƙwafe, jakar makaranta rungume a ƙirji, riga ta fi ta girma. Wata uwa ta taɓa ce min, "Sista, tun da ta fara girma ta canza hali, ba ta son fita wasa." Da na zauna da yarinyar, ashe yaran aji ne ke tsokanarta idan tana gudu. Tana ba ni labari tana wasa da 'yar tsanar da ke maƙale a jakarta.

Bincike ya sha nuna cewa masu saurin balaga sun fi faɗawa ciwon damuwa, shaye-shaye da fara jima'i da wuri. Da yawa suna jin haka sai su ce ai sinadarin jiki ne ke fisgarsu. Ni ban gamsu ba, kuma ina da hujja. A Suwidin, masu bincike Håkan Stattin da David Magnusson sun bi rayuwar 'yan mata tsawon shekaru, suka ga cewa karya doka ya fi yawa ne a cikin masu saurin balagar da suka yi abota da waɗanda suka girme su. A Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan ma, binciken Avshalom Caspi da abokan aikinsa na 1993 ya gano matsalar ta fi bayyana a makarantun da ke haɗa maza da mata. Ke nan jikin ƙofa kawai yake buɗewa, wanda ya shigo ta ƙofar shi ne abin dubawa. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon abu kafin a aikata ba ya gama nuna sai an wuce shekara 20, amma saurayi ɗan shekara 17 ba ya tambayar wannan, malami ma yakan sa ran ta nuna hankalin manya, abin da ba ya nema daga ƙawarta. A gida kuma sai zargi da "ke fa yanzu kin girma", alhali jiya-jiya ake goya ta.

Shi ya sa tambayoyina suka canza. Bayan awon tsawo da nauyi, nakan tambayi uwa su wa 'yarta ke yawo da su, shekarunsu nawa, wa ke tura mata saƙo a waya, kuma ko an yi mata bayanin jinin al'ada kafin ya zo. Wannan ta ƙarshen ita ake yawan amsa min da shiru. Shekarar da jinin ya fara kuwa dole in rubuta ta a fayil, saboda za a neme ta nan gaba: duk shekara ɗaya da al'ada ta riga lokaci tana ƙara haɗarin sankarar mama da kusan kashi 5 cikin 100, sannan tana da alaƙa da ciwon sukari bayan an manyanta.